Sedgefield ba gadon Tony Blair ba ce

Wani sharhin sai ka rasa dariya za ka yi ko takaici. Wai an soke mazaɓar Sedgefield da ke Ingila ne don a hukunta Tony Blair, tsohon firaministan Birtaniya da ya taɓa wakiltarta a majalisa, kan yaƙin Iraƙi, kuma jama'a suna ta yaɗawa har da "Allah ya ƙara". To sannunku da bincike!

Yawan masu zaɓe ne ya cinye Sedgefield. Doka ta ce kujerun majalisar wakilan Birtaniya 650 ne, kuma in ban da kujeru biyar na tsibirai, a lissafin 2023 dole kowace mazaɓa ta ƙunshi masu zaɓe tsakanin 69,724 da 77,062. Da wannan ma'aunin hukumar shata iyakoki ta sake yanka ƙasar a 2023. Wales ta sauko daga kujeru 40 zuwa 32. Su kuma wane yaƙi suka yi?

Kuma ai ba yau aka fara soke ta ba. An ƙirƙire ta a 1918, aka shafe ta a 1974, lokacin Blair yana ɗalibi a Oxford. Ko shi ma hukuncin Iraƙi ne tun kafin a yi yaƙin? Sai 1983 aka dawo da ita, Blair ya ci, ya riƙe har 2007.

Na san za a ce ai 'yan Conservative ne ke mulki lokacin. Ku bari don Allah. Ranar da aka soke ta a 2024, ɗan jam'iyyarsu Paul Howell ne a kai, shi da ya ƙwace ta daga hannun Phil Wilson na Labour, jam'iyyar Blair, a 2019. Sabuwar mazaɓar da ta gaje ta, Newton Aycliffe da Spennymoor, Labour ce ta lashe. Wannan wane irin makirci ne?

Tsakani da Allah na fahimci masu jin haushin Blair, ni ma ba na kare shi. Abin da ya faru a Iraƙi ba wasa ba ne. Shi ya sa ma bai kamata a haɗa shi da ƙarya ba. Lissafi ne kawai, jama'a.

Af, da kun san Old Sarum, wata tsohuwar mazaɓa a Ingila, ma da kun yi shiru. Tudu ne kusan ba kowa a kansa, amma yana tura wakilai biyu majalisa har 1832, alhali birnin Manchester ba shi da nasa ko ɗaya. Irin wannan rashin daidaiton ne ma'aunin yawan masu zaɓe ke hanawa.