Gamzaki da Zara: Kafin Ka Ɗaga Murya a Musu

'Yan'uwana matasa, akwai abin da ya daɗe yana ci mini rai. Sai ka ga abokai biyu sun raba dare suna musu a kan 'yanci ko adalci ko wayewa, jijiyar wuya ta tashi, har a kai ga gaba, alhali babu wanda ya tsaya ya tambayi ɗan'uwansa: me kake nufi da wannan kalma?

Ku ɗaga kai da asuba, za ku ga tauraro mai haske a gabas, muna ce masa Gamzaki. A wasu watannin kuma, da magariba, ga wani a yamma, Zara matar wata. Masana taurari sun tabbatar abu ɗaya ne, duniyar da ake kira Zuhura. Da wannan misali na tauraron asuba da na maraice masanin falsafa Bajamushe, Gottlob Frege, ya nuna a 1892 cewa ma'anar suna daban, abin da sunan ke nunawa daban. Mutum biyu za su iya rantsuwa kan cewa abin da suka gani ya bambanta, kuma kowannensu da gaskiyarsa yake magana. Sunan ne ya raba su, sama ba ta canza ba.

Tsohuwar matsala ce. A Bagadaza a ƙarni na 10, malamin nahawu Sirafi da malamin manɗiƙi (ilimin ƙa'idojin tunani) Matta bin Yunus sun yi muƙabala a kan ko za a iya auna tunani ba tare da harshe ba. Wani masanin falsafa kuwa, Ludwig Wittgenstein, a 1921 ya ɗauki harshe a matsayin hoton duniya, daga baya ya sake tunani, ya ce ma'anar kalma tana cikin yadda ake amfani da ita. Wannan na ƙarshe ya fi kwanta mini, kuma ina girmama mutumin da ya iya warware maganarsa da kansa.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne laƙabi. Da zarar ka liƙa wa mutum "ɗan bidi'a" ko "maci amana", ka daina ganinsa, kalmar kawai kake gani. Don Allah, in musu ya taso, ka ce wa abokinka ya ba ka misali ɗaya na abin da yake kira adalci, kai ma ka kawo naka, ku ajiye su gefe da gefe ku duba.