Harshe ba shi da ranar suna

A watan Maris na 2025 ne Shigeru Miyagawa na jami'ar MIT a Amurka da abokan aikinsa suka fitar da nazarin da ke cewa ɗan Adam ya mallaki baiwar magana tun aƙalla shekara 135,000 da suka wuce. Kafin ka ce kwabo, masu yaɗa labarin sun haɗiye kalmar "aƙalla", sun mayar da abin kamar an tono ranar haihuwar harshe. Wannan gaggawa tana ci mini tuwo a ƙwarya.

Masu binciken ba su ji muryar kowa ba. Ƙwayoyin gado suka duba, suka ƙiyasta lokacin da mutanen farko suka fara rarrabuwa, sannan suka ce tunda babu al'ummar da ba ta magana, baiwar ta riga rabuwar. Hasashe ne mai ma'ana, amma hasashe ne. Magana iska ce, ba ta barin ƙashi a ƙasa. Rubutu ma, wanda shi ne shaidar da ake iya taɓawa, bai wuce shekara 5,000 da ɗoriya ba.

Mun taɓa ganin wannan rawar kai. A 2001 aka yi ta ɗoki kan FOXP2, ƙwayar gadon da aka gano ta dalilin wani dangi a Landan masu matsalar furuci, har aka laƙaba mata sunan ƙwayar harshe. Daga baya aka tuna cewa ɓera da tsuntsu ma suna da irin tasu. Su kuwa masu bin masanin harshe Noam Chomsky, da ke cewa sauyi ɗaya a ƙwaƙwalwa ya kawo komai lokaci guda, har yau ba su nuna mana sauyin ba.

Mai son ganin harshe yana tsirowa ya dubi Managua, babban birnin Nikaraguwa. A 1977 aka tara yara kurame a makaranta guda. Malamai na fama da koya musu karanta leɓe da Sifaniyanci, abin ya ƙi ci. Amma a filin wasa da cikin motar makaranta, yaran suna haɗa 'yan alamomin da kowa ya taho da su daga gida. Ƙananan da suka shigo daga baya suka ɗauki wannan kwamacala suka daidaita ta, suka yi mata ƙa'idoji, hannu na gudu, fuska na taya shi. Babu babban da ya koya musu. Haɗuwa da buƙatar fahimtar juna ne suka haifi harshen, a gaban idon masana.

Abin da ya fi ƙona mini rai, a cikin harsuna kusan 7,000 da ake magana da su yau, wajen kashi 40 cikin ɗari suna fuskantar barazanar ɓacewa. Wasu tsofaffi kaɗan ne suka rage da su a baki. A karkata wani abu daga kuɗin binciken nan zuwa naɗar muryoyinsu tun suna raye.