Kanada ta samu shiga wasa, Haiti tana bakin ƙofa

A 2019 kamfanin Firaxis ya saka Kanada cikin Civilization VI, wasan kwamfutar nan da mutum ke ɗaukar al'umma tun tana ƙauye guda ya raine ta har ta harba kumbo. Shekara biyu kafin nan Ostareliya ta shiga. Masu ƙorafi suka ce ina ƙasar da aka haɗa a 1867, ko wadda aka haɗa a 1901, ina zama tabarma ɗaya da Masar da Farisa?

Ni ban yarda shekaru ne ma'auni ba. Amurka tana cikin jerin wasannin Civilization tun fitowar na farko a 1991, ba wanda ya ce uffan. Abin dubawa shi ne: in ka ɗauki ƙasar, za ta tilasta maka buga wasan ta hanyar da wata ba za ta sa ka ba? To, me aka ba Kanada? Filin wasan ƙanƙara, 'yan sandan doki masu jar riga, damar noma a ƙasa mai tsananin sanyi, da hana ta kai harin ba-zata. Rabinsa kayan tallan yawon buɗe ido ne. A ganina aljihun masu sayen wasan ne ya buɗe mata ƙofa, kuma ɗan kasuwa ba ya jin kunyar haka.

Yanzu a dubi Haiti. A 1791 bayin da ke gonakin rake suka yi wa Faransa bore, Toussaint Louverture ya zama jagoransu, Napoleon ya turo runduna ta sha kashi, Dessalines, wanda ya gaje shi a jagorancin boren, ya ayyana 'yanci a 1804. Manyan ƙasashe suka juya mata baya. A 1825 Faransa ta jero jiragen yaƙi ta ɗora mata diyyar faran miliyan 150, wai kuɗin asarar da iyayen gijin bayi suka yi. Wane mai wasa ne ba zai so wannan gwajin ba? Ka fara hannu wofi, maƙwabta ba sa son ganinka, ga bashi a wuya. Amma babu ita a Civilization VI, a Age of Empires III kuwa, wani wasan yaƙi na kwamfuta, sai dai ka rikiɗe zuwa gare ta ta hanyar tawaye in wasa ya yi nisa. Habasha, da ta karya Italiya a Adwa a 1896, ita kam an ba ta haƙƙinta, sarkinta Menelik na Biyu ya shigo Civilization VI a 2020.

Na san wani zai ce, to Najeriya fa? Kishin ƙasa dabam, tarihi dabam. Lugard ya haɗe Arewa da Kudu a 1914 ne, don haka sunan ba shi da gurbi a wasan takobi da bindigar toka. Masu Age of Empires III sun gane haka. A 2021, shekarar da suka ƙara Amurka da Meziko, Hausawa suka kawo da sunansu, Sarauniya Amina ta Zazzau a gaba, ga mahayan lifidi, ga dakaru suna amsa umarni da Hausa. Wasan Europa Universalis IV, mai farawa daga shekarar 1444, ya bar Kano da Katsina da Zazzau kowacce da sarautarta. Da Najeriya aka rubuta a kansu, ina za a kai Katsinawan Maraɗi da Gobirawan Tsibiri, waɗanda tarihin nasu ne amma katin ɗan ƙasarsu na Nijar?

Gurbin Najeriya yana wasan ƙarni na 20: arzikin man fetur, juyin mulki, da sojojin da ta tura Laberiya a 1990 ƙarƙashin ECOMOG, rundunar haɗin gwiwar ƙasashen Afirka ta Yamma. A can zan ɗauke ta, in ga ko zan iya riƙe ta.