Yadda Banɗakin Baba Ya Koma Na Unguwa

Gidanmu na Aboabo a Kumasi irin tsofaffin gidajen Zango ne, ɗakuna sun kewaye tsakar gida, wurin wanka kuwa yana can ƙurya da matakala mai tsawo a bakinsa da daɓen siminti wanda gansakuka ta mayar kore tun ina yaro. Baba ya gina shi da kuɗin fataucin goro, a lokacin da gwiwoyinsa ke yi masa biyayya. Yanzu ya haura shekara 80, kuma idan ya tsuguna sai an yi shawara kafin ya miƙe.

Yayata da ke aikin kula da tsofaffi a birnin Hamburg na Jamus ita ce ta tayar da maganar gyara wa Baba wurin wankan. Ta kira ni ta WhatsApp ta karanto mini cewa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum 684,000 ke mutuwa duk shekara sanadin faɗuwa, kuma waɗanda suka haura 60 ne abin ya fi ɗauka. Ta ce kuɗi nata, zirga-zirga tawa, rabon da a lokacin na ɗauka adalci ne.

Da na kai wa Baba batun, bai bari na dire ba. Ya ce shi da ya kwana a saman lodin goro daga Kumasi har Legas bai taɓa faɗowa ba, ba banɗaki ne zai kayar da shi ba, kuma duk mai son mayar masa da gida asibiti ya jira sai bayan ransa. Inna ce ta ja ni gefe ta ce, "Kai ma ba ka da dabara. Kada ka sake ambatar faɗuwa. Ka ce wurin alwala za a yi masa mai kujera, irin wanda ya gani a Madina." Washegari na faɗi hakan, Baba ya shafa gemu ya ce ai ya daɗe da wannan tunani, rashin masu himma ne kawai a gidan.

Sai dai akwai batun farashi. Tun 2007 aka zaftare sifili huɗu daga sidi, kuɗin Ghana, amma Baba bai amince da wannan hukunci ba har yau. Idan na ce abu sidi 600 ne, shi miliyan 6 yake ji, sai ya yi salati ya tambaya ko da zinariya aka ƙera shi. Daga nan na daina kai masa rasit.

A Adum, cibiyar kasuwancin Kumasi, na nemi tayil. Mai shagon ya yi ta tura mini masu sheƙi waɗanda mutum ke ganin fuskarsa a ciki, alhali su ne ainihin tarkon, domin da zarar ruwan sabulu ya taɓa su ƙafa ba ta da sauran iko. Yaya ta ce kada na yarda da bakin mai sayarwa, na gwada da kaina. Don haka na ari buta, na shimfiɗa samfuri uku a ƙasa, na tsiyaya musu ruwa, na tuɓe takalmi na naɗe wando ina murza tafin ƙafa a kan kowanne, ita kuma tana kallo ta waya tana cewa, "Ƙara ruwa!" Kafin na zaɓi mai kaushin, masu wucewa sun taru a ƙofa, wata mata har tana tambayar yaron shagon ko dangina sun san inda nake.

Ƙarfen riƙewa shi ne abin da ya fi ba ni sha'awa. Ƙa'idarsa ya zauna kimanin santimita 85 zuwa 90 daga ƙasa, kaurinsa daidai damƙar hannu, kuma ya zama mara tsatsa. Ɗan siririn ƙarfen rataye tawul ba ya wannan aiki, hasali ma ya fi babu haɗari, tunda tsoho zai amince da shi ya saki nauyinsa. Na tafi Suame Magazine, unguwar makanikai da masu walda, inda babu ƙarfen da ke gagarar mutane, na sami wani mai walda wanda duk rayuwarsa bodin manyan motoci yake ƙerawa. Da ya zo ya ƙwanƙwasa bangonmu ya ji bulon mai rami ne, ya ce ƙusa ba za ta riƙe ba, ya huda bangon har waje ya ɗaure da noti a kan farantin ƙarfe. Sannan ya kama ƙarfen da hannu biyu, ya ɗage ƙafafunsa sama, ya yi lilo, shi da ya kusa cika ƙofa, ya ce in wannan ya cire to gidan ne gaba ɗaya ya tashi. Wannan mutum ya ci kuɗinsa halal.

Birkila kuwa wani labari ne. Matakalar da za a mayar gangara santimita 30 ce, kuma ƙa'idar gangara ita ce kowane santimita ɗaya na tudu a ba shi 12 na tsawo, wato mita 3.6. Na auna masa, na tafi sallar Azahar, na dawo na tarar ya dunƙule ta a ƙasa da mita guda, ya kuma goge ta sumul don, a cewarsa, aikinsa ba ya fita da muni. Kafin a fasa ta yaran gidan sun gano amfaninta, suna zama a kan fasasshiyar jarka suna sulalowa har bakin murhun Inna. Da aka sake zubawa na tsaya a kansa da tsintsiya a hannu, na ja ta a kan ɗanyen simintin da kaina don ya yi kaushi.

Sauran aikin ya tafi lami lafiya: masai na zama mai ɗan tudu maimakon na tsuguno, kujerar wanka, famfo a daidai gwiwa don wanke ƙafa, da fitila mai caji saboda dumsor, wato yawan ɗauke wutar lantarki, wadda ke kunna kanta idan ta ji motsi. Daren farko Inna ta doso wurin, haske ya tashi babu wanda ya taɓa komai, ta juya da butarta tana karanta Ayatul Kursiyyu da ƙarfi.

Ƙofar ma an juya ta ta riƙa buɗewa waje, domin idan mutum ya faɗi a ciki jikinsa ba zai tokare ta ba. Ranar da Baba ya fara shiga, Yaya ta umarce ni na tsaya kusa na saurara ko lafiya. Na kara kunne ina jin ƙarar ruwa, ruwan ya tsaya, ban ankara ba Baba ya banko ƙofar da ƙarfin mutumin da ya shekara 50 yana ja ciki. Ta same ni a tsakiyar goshi. Ya dube ni a zaune a ƙasa ya ce, "Ashe dai ana faɗuwa a wurin nan." Ƙulun ya yi baƙi ya zauna daidai inda tabon sujada ke fitowa, har wani dattijo a masallaci ya riƙe hannuna ya ce Allah ya ƙara mini tsoronsa.

Abin da Yaya ba ta lissafa da shi ba daga Jamus shi ne majalisar Baba. Bayan La'asar ya fara gayyato abokansa ɗaya bayan ɗaya, yana nuna musu ƙarfen da kujerar, yana bayyana yadda ya zauna ya tsara komai da kansa, yaron nan kuwa aike kawai ya yi. Kowane Alhaji ya gwada ya ji daɗin gwiwarsa. Yanzu tun kafin kiran Magariba ake jera sanduna a jikin bangonmu, kuma wanda ya shiga ba ya gaggawar fitowa, tunda akwai wurin zama. Ba a cewa dattijo ya yi sauri, don haka ni da na yi zirga-zirgar na koma wanka da bokiti a bayan tankin ruwa kafin asuba, a kan gansakukar da ta yi saura.

Jiya Baba ya kira ni ya ce Liman ya yaba ƙwarai, yana son irinsa guda huɗu a masallacin unguwa. Na ce, "Baba, ai aikin da tsada." Ya ce kada wannan ya dame ni, ya riga ya sanar a gaban jama'a cewa kuɗin daga Jamus za su zo, saura kawai na kira Yayata na faɗa mata.