Gyaran gangar auzinawa: an kai kwamfuta asibiti, an dawo da gawa

Wallahi ban taɓa jin takaicin sana'a irin na makon nan ba. Shekara goma sha ɗaya ina da shagon buga takardu a bakin wata makaranta, kuma duk tsawon wannan lokaci akwai wata tsohuwar kwamfuta a kusurwa mai Windows XP. Kada ma wani ya fara yi mini wa'azi. Na sani sarai cewa XP ta fito tun 2001, kuma an daina tallafa mata a watan Afrilun 2014. Ba ƙauyanci ne ya sa na riƙe ta ba. Babbar firintar da nake buga katin biki da ita da sikana ɗin da ke gefenta, direbobinsu, wato 'yan manhajojin da ke sa kwamfuta ta gane na'ura, a XP kaɗai suke zama lafiya. Ba ta taɓa shiga intanet ba, aikinta take yi shiru kamar jakin Kano.

Ranar Laraba ina cikin adana aikin wata ɗaliba aka ɗauke wuta. Batirin UPS ɗina ya daɗe da mutuwa, wannan laifina ne, na ɗauka. Da na tayar da janareta na kunna, sai baƙin allo da farin rubutu: wai Windows ba za ta tashi ba saboda fayil ɗin \WINDOWS\SYSTEM32\CONFIG\SYSTEM ya ɓata ko ya lalace. Na danna F8, na zaɓi Safe Mode, shiru. Na gwada Last Known Good Configuration, nan ma shiru. Sai na ɗaura ta a bayan babur na nufi wajen wani yaro da ake ta kira injiniya.

Ko rubutun bai karanta ba. Na rantse da Allah bai karanta ba! Ya kalli allon kamar mai kallon bango, ya ce, "Alhaji, wannan sai fomatin." Na ce masa akwai ayyukan mutane a ciki, kundin kammala karatu na ɗalibai, takardun wata ƙungiyar 'yan kasuwa, zanen katunan da na tara shekaru. Ya ce kada in damu, zai kwashe komai a filas. Washegari na dawo, abin da ya kwashe shi ne abin da ke kan Desktop kawai, fayil goma sha wani abu. My Documents, inda dukiyar take, ko leƙa ta bai yi ba. Ya share faifan ajiyar kwamfutar kaf, har da ɓangaren D da babu ruwansa da matsalar.

Ana kukan targaɗe sai ga karaya. Ba tare da ya tambaye ni ba ya ɗora mini Windows 7 mai 64-bit, yana ta murmushi wai ya ɗaga mini daraja. Wace daraja? Ita ma Windows 7 ɗin ai tun Janairun 2020 aka daina tallafa mata. Kuma direban da aka rubuta wa 32-bit ba ya hawa kan 64-bit, ko da kuwa ka kwana kana danna shi. Na kawo ta shago, firinta ta zama kujera, sikana ya zama faranti. Na mayar masa na ce ya maido mini da XP ɗina. Ya saka faifan CD, sai ga shuɗin allo: STOP 0x0000007B. Ya sake, ya sake, har sau uku. Daga nan ya sosa ƙeya ya ce, "Alhaji, faifan ajiyar ne ya mutu, sai an sayi sabo." Har ya faɗa mini farashi, da yake a shagonsa ake sayarwa.

Allah ne ya taimake ni, na tuna da wani dattijo da ke gyara tun zamanin Windows 98, yanzu ya koma lungu saboda yara sun cika kasuwa. Ya ɗora tabarau, ya karanta lambar nan a hankali, ya shiga BIOS, wato saitin da ke zuwa kafin Windows ta tashi, ya sauya tsarin SATA, hanyar da kwamfuta ke magana da faifan ajiya, daga sabon salon AHCI zuwa tsohon salon IDE. Minti biyu bai cika ba. Faifan da aka ce ya mutu ya tashi garau. Ya ce mini, "Malam, XP ta girmi AHCI. Faifan sakawarta ba shi da direban, shi ya sa ba ta ganin faifan ajiya. Ko dai ka danna F6 ka ba ta direban ta fulofi, ko ka mayar da BIOS yadda ta saba." Ashe yaron ne ya sauya wannan wuri lokacin da yake ɗora Windows 7, ya manta, sannan ya so ya sayar mini da kaya a kan mantuwarsa.

Amma abin da ya hana ni barci shi ne bayanin da dattijon ya yi mini a kan matsalar farko. Fayil ɗin nan mai suna SYSTEM wani yanki ne na rajistar Windows, littafin da take rubuta waɗanne direbobi za ta loda idan ta tashi. Wuta ta yanke ana cikin rubutu a kansa, sai ya yage. Shi ke nan. Maganinsa a faifan CD ɗin XP yake: a tashi da shi, a danna R a shiga Recovery Console, a fara da chkdsk /r. In hakan bai wadatar ba, akwai tsohon kwafin fayil ɗin a cikin \WINDOWS\repair, a ɗauko shi a samu ta tashi, sannan a jawo na kwanan nan daga ajiyar System Restore. Ko saƙon "NTLDR is missing" da ke hana XP tashi, yake firgita mutane, sau da yawa filas ne aka manta a jiki, in ba shi ba ne kuma, sai a kwafo fayilolin ntldr da ntdetect.com daga foldar i386 ta faifan CD ɗin. Kai, ko duk wannan ya gagara, a zare faifan ajiyar a maƙala wa wata kwamfutar a kwashe kayan mutane kafin a taɓa komai. Wannan ko ni da ba injiniya ba na gane.

Na tambaye shi ko za a iya ceto abin da aka share. Ya girgiza kai. Ya ce da fomatin kaɗai aka yi aka tsaya, da akwai fata, amma an ɗora sabon tsari a kai, an yi ta rubutu a wurin. Ya gwada duk da haka, muka samu 'yan hotuna da wasu takardu rabi da rabi.

Bayan an maido da XP, sai muka shiga farautar direbobi. Device Manager, inda Windows ke jera na'urorin da ke jikin kwamfuta, ta cika da alamar tambaya ruwan ɗorawa: babu sauti, babu katin sadarwa, allon ya kumbura kamar an hura shi. Dattijon ba ya canki-canka. Sai ya buɗe bayanan kowace na'ura ya karanta lambar VEN da DEV, masu nuna kamfani da irin na'urar, ya ce 8086 na Intel ne, 10EC na Realtek, ya zaro daidai direban daga tarin faya-fayansa. Yaron kuwa da wani filas guda yake yawo, cike da tarkacen direbobi da ƙwayar cuta, duk kwamfutar da ta zo a ɗura mata.

Har font ɗin Rabi'at, salon haruffan da nake buga Hausa da shi, ya tafi. 'Yan takardun da muka ceto na buɗe su, "ƙasa" ta koma "}asa", sai da na aika yaro wani shago ya roƙo mini font ɗin.

Ɗalibar nan ta zo jiya da mahaifinta. Ban san inda zan sa fuskata ba. Shafi tamanin da huɗu ne, kuma Litinin za ta miƙa. Sa'ar da muka ci ita ce tana da kwafin da malaminta ya yi wa gyara da jan biro, shi nake ta sake bugawa tun bayan isha'i, kyauta. Ina shafi na talatin da ɗaya wayata ta yi ƙara. Injiniya ne, wai yana tuna mini cikon kuɗinsa, dubu biyu.