Rashin furta kalmar tsayarwa ba izini ba ne

Baligai masu wasannin kwaikwayo yayin jima'i, musamman a Turai da Amurka, kan zaɓi wata kalma kafin a fara, wadda da zarar ɗayansu ya furta ta komai ya tsaya. Dalili kuwa, a irin wannan wasa "bari" na iya zama cikin rawar da ake takawa. Da yawa suna aron launukan danja: ja a tsaya cak, ruwan ɗorawa a sassauta, kore a ci gaba.

Kuskuren da ya yi yawa shi ne ɗaukar cewa muddin ba a furta kalmar ba, an yarda da komai. Wannan fahimta tana cutar da mutane ƙwarai. Tsoro kan sa mutum ya daskare, harshensa ya yi nauyi. Wata kuma kunya ce ke rufe mata baki, ko gudun ɓata wa abokin zamanta rai. Shi ya sa ake tanadar alamar da ba ta buƙatar magana: a riƙe makullai a hannu, in suka faɗi ƙasa, a tsaya. Duk da haka, wajibi ne mai jan ragama ya lura da numfashi da jikin da ya sandare, ya dakata ya tambaya.

Kalmar ba ta halatta abin da ba a tattauna ba tun farko. A Ingila da Wales, dokar cin zarafi a cikin gida ta 2021 ta fayyace cewa wanda ya yi wa wani mummunan rauni don biyan sha'awa ba zai kare kansa a kotu da cewa an amince masa ba.