Kwat a watan Afrilu, babbar riga a gaban kwamfuta

Jiya da wajen ƙarfe biyu na rana na tari A Daidaita Sahu a titin Murtala Mohammed, na tarar da wani matashi a ciki sanye da baƙar kwat, ya shaƙe wuyansa da laktaye, gumi na tsiyaya daga ƙeyarsa har ya jiƙa kwalar farar rigarsa. Afrilu ce fa, a Kano, lokacin da zafi ke haura digiri 40. Ban yi masa dariya ba, saboda ni ma na taɓa zama shi.

Da na samu aikin ofis na farko, Ƙofar Wambai na nufa na zaɓo kwat a cikin gwanjo. Ta ulu ce mai kauri, an ɗinka ta ne domin wani ƙato a ƙasar sanyi. Kafaɗarta ta zarce tawa, hannun ya rufe mini yatsu. Wata uku ina fama da ita, ina jin kaina wani babban ma'aikaci, har ranar da wani dattijo masinjan ofishinmu ya ja ni gefe ya ce, “Ɗana, wannan rigar ta mai ita ce, kai dako kawai kake yi mata.” Na ce, “To Baba, ya zan yi?” Ya ce in nemi tela ya gwada ni.

Tun daga ranar na daina yarda cewa tsadar kaya ko ƙasar da suka fito ita ce gayun ofis. Kayan da aka ɗinka daidai jikinka, suka dace da zafin garinku da irin aikin da kake yi, su ne gayu. Kuma mu a nan ɓangare biyu muke kuskure.

Na farko shi ne ɗaukar kwat kamar farilla. Na san akwai wuraren da doka ce, musamman bankuna, inda sai ranar Juma'a ake barin ma'aikaci ya sa kayan gida. Wanda ke irin wannan wurin ba shi da zaɓi, amma yana da dabara: ya nemi yadi mara nauyi, ya kai wa tela ya rage masa kafaɗa da ƙafar wando, ya bar kwat ɗin a rataye a ofis, ya riƙa sa ta in ya isa. Su kuma masu kafa dokar ya kamata su duba Japan. A 2005 gwamnatin Junichiro Koizumi ta fito da shirin da ta kira Cool Biz, aka ce ma'aikata su ajiye kwat da laktaye a lokacin zafi, a tsayar da na'urar sanyaya ɗaki a digiri 28 domin rage shan wuta. Ƙasar da ba ta san ɗauke wuta irin namu ba ke nan. Mu da janareta ke riƙe da ofisoshinmu, muna ƙona dizal domin mu sanyaya mutumin da muka tilasta wa sa bargo.

Kuskure na biyu namu ne na gida, kuma ya fi ba ni haushi. Mutum ya taho aiki ranar Talata kamar ɗaurin auren 'yar sarki za shi. Babbar riga ta sha aiki tun daga wuya har cibiya, ta sha sitaci tana ƙara kamar takarda. Ya zauna gaban kwamfuta, ya naɗe hannun riga a kafaɗa, ya buga layi biyu, hannun ya zamo, ya sake naɗewa. Kafin azahar gefen rigar ya share kofin shayi, ya maƙale a tayar kujera. Babbar riga tufa ce mai kwarjini, ban raina ta ba ko kusa. Amma ta wanda zai zauna a gaishe shi ce, ba ta mai hawa bene da fayil a hannu ba. Ga kuma kuɗi. Shaddar Getzner da ake kawowa daga Ostiriya, wadda za ta isa babbar riga da 'yar ciki da wando, kuɗinta ya wuce mafi ƙarancin albashin da aka amince da shi a 2024, wato naira 70,000, tun kafin a je wajen ɗinki. Na san ƙaramin ma'aikacin da ya ci bashi a Kantin Kwari don kada a raina shi a ofis, ya shafe wata huɗu yana sauya hanya.

Abin da na gani ya yi mini amfani shi ne kaftani. Yadi mai auduga sosai, wanda iska ke ratsawa, kala mai natsuwa kamar ruwan toka, ruwan ƙasa ko shuɗi mai duhu. Fari yana da kyau, amma in hunturu ya shigo, ƙura ba ta barin sa ya kai la'asar. Aikin wuya ya zama kaɗan. Sai ka tsaya a kan tela wajen awo: ɗinkin kafaɗa ya tsaya daidai inda ƙashin kafaɗa ya ƙare, hannu ya tsaya a wuyan hannu, wando kada ya ja ƙasa, kada kuma ya matse har ka kasa zama a tahiya in an tayar da sallar azahar. Wannan na ƙarshen samarin yanzu sun san da su nake. Yadi mai araha da ya samu tela mai hannu da guga mai kyau ya fi shadda mai tsada da aka ɗinka a gurguje ana jibi sallah.

Hula ma tana tona asiri. Zanna Bukar ɗaya da ake kai wa masu wanki a kan kari ta fi guda goma da bakinsu ya yi baƙi da maiƙo. Takalmi a goge shi, silifas kuma a bar shi a ƙarƙashin tebur domin alwala.

Batun mata zan taƙaita, domin sun fi ni sani. Hijabi da mayafi ba su taɓa hana kowa aiki ba, kuma ba a banza aka kai inda ake yau ba. A Disambar 2017 an hana Firdaus Amasa shiga zauren rantsar da sababbin lauyoyi a Abuja saboda ta ƙi cire hijabi, sai a Yulin 2018 aka rantsar da ita da shi a kanta. Abin da kawai zan ce, leshi mai duwatsu da ɗaurin ture-ka-ga-tsiya na gidan biki ne. Atamfa ko abaya mai sauƙi, da mayafin da ba sai an riƙe shi da hannu ɗaya ana rubutu da ɗayan ba, sun wadatar. Turare kuwa, maza da mata, a tausaya mana. Ɗaki a rufe, mutum shida, humra ta haɗu da turaren oga, mai asma ya shiga uku.

Kwat ɗin nan tawa ta Ƙofar Wambai tana nan da ranta. Na ba wa mai gadin layinmu, wani dogo ɗan Damagaram, kuma ta zauna masa cif kamar shi aka gwada. Duk Janairu in na fito sallar asuba nakan gan shi cikinta a bakin wuta, ya ɗaga kwalar ya rufe kunnuwa.